Studs Terkel: Daga Bakin Mai Magana zuwa Takarda

An haifi Studs Terkel cikin 1912, ya tashi a birnin Shikago na ƙasar Amurka, inda iyayensa su ke da gidan saukar baƙi. Ya karanci shari'a, amma bai yi aikin lauya ba. Daga 1952 har 1997 ya riƙe shirin hira a gidan rediyon WFMT, ya rasu cikin 2008.

Gwani ne wajen sauraro. Ya kan ƙyale baƙonsa ya yi inda-inda, ya yi shiru, ya komo ya gyara zancensa, sau da yawa kuwa a wurin gyaran nan ne cikin mutum ya ke fitowa. To, amma sa'ad da ya zaga wurin leburori da direbobi, ya mai da hirarsu littafi, watau Working na 1974, sai ya sa almakashi. Ya cire yawancin tambayoyinsa, ya rage maimaici, ya datse dogon zance. Littafin ya yi daɗin karatu ƙwarai, babu musu. Illa dai mai nazarin harshe ba shi da ikon kafa hujja da shi a kan yadda lebura ya ke gina jimla, domin bai san inda bakin lebura ya tsaya, hannun Terkel ya kama ba. (Malamin da ya taɓa tura ɗalibai ƙauye ɗauko tatsuniya ya san wannan wahala.) Amsa kuwa, in an raba ta da tambayarta, sai a zaci mai ita ne ya ta da zancen don kansa.

Mai bincike sai ya koma ga muryoyin shirin rediyon, waɗanda aka adana, aka kuma buɗe taskarsu a intanet cikin 2018.