Cat Stevens da Yusuf Islam: Mawaƙi Ɗaya Ne ko Biyu?

'Yan'uwa ɗalibai da malamai, manufata a wannan 'yar maƙala ita ce in yi tsokaci a kan faya-fayan wani mawaƙin Ingila da aka haifa a Landan a 1948. Shi ke tsara waƙarsa, ya sa mata kiɗa, ya rera da gita a hannu, cikin salon da Turawa ke kira folk rock, wato kiɗansu na gargajiya da aka cuɗa da na zamani. Duniya ta fara saninsa da suna Cat Stevens, ya musulunta a 1977, daga baya ya koma Yusuf Islam.

Sau da yawa nakan ji ana raba aikinsa gida biyu. Wasu na cewa addini ya raba su da mawaƙinsu, wasu kuwa na ganin duk abin da ya rera kafin musuluntarsa sharholiya ce. A nawa ra'ayin, ɓangarorin biyu ba su saurari faya-fayan da kunnen basira ba.

Faifansa na farko, Matthew and Son, ya fito a 1967, waƙoƙin samartaka ne da kiɗa ya yi wa yawa. Ba da jimawa ba tarin fuka ya kwantar da shi, jinyar kuwa ta sauya masa tunani. Da ya dawo a 1970 da Mona Bone Jakon da Tea for the Tillerman, sai ga kiɗan ya ragu, murya da ma'ana sun fito fili. Babban jigon waƙoƙin nan shi ne neman gaskiya, kamar yadda "On the Road to Find Out" ta nuna ƙarara. A "Father and Son" kuma ya yi amfani da salon muryoyi biyu: ya sauke murya in uba na ba ɗansa haƙuri ya zauna, ya ɗaga ta in ɗan ya dage sai ya tafi. Ashe juma'ar da za ta yi kyau tun daga laraba ake gane ta.

Ban ce ba shi da rauni ba. A Numbers na 1975 da Izitso na 1977, kayan kiɗan lantarki sun danne sauƙin nan da ya fito da shi, har mai sauraro ya ji kamar mawaƙin ya ƙosa da sana'ar. Bayan Back to Earth na 1978 ya ajiye gita. Ya koma ga ilimi da ayyukan addini, irin su The Life of the Last Prophet na 1995, bai sake fitar da faifai irin na da ba sai An Other Cup a 2006.

Hujjata mafi ƙarfi ita ce ta 2020, lokacin da ya sake rera Tea for the Tillerman gaba ɗayansa. A "Father and Son" ya rera baitocin uba da muryarsa ta dattijo, aka ɗauko muryarsa ta 1970 ta tsaya a matsayin ɗa. Da ya tsani yaron nan, da bai zauna ya amsa masa ba bayan shekara 50. Don haka ina kira ga manazarta su tarke faya-fayan nan bi da bi, a matsayin aikin mutum ɗaya, kafin su yanke masa hukunci.