Tsoro da Maganinsa: Gurbin Addini a Labaran Ban Tsoro na Hausa

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a Matameye ko ƙauyukan ƙasar Kance ya san tsoro iri uku tun kafin ya iya karatu. Akwai wanda ya ji a bakin kakarsa bayan tuwon dare. Akwai wanda ya ji ana raɗa game da wata tsamiya ko kuka da ba a zama gindinta da tsakar rana. Akwai kuma wanda ya ji daga malami, ko makaho mai bara yana rera waƙar wa'azi. Sau da yawa akan tara biyun farko a kira su camfi, a ware na ukun a kira shi addini. A wannan maƙala muna so mu nuna cewa wannan rabo bai wadatar da mai nazarin adabi ba. Abin da ya kamata a tambayi kowane labari shi ne: mene ne maganin tsoron da ke cikinsa, kuma a hannun wa maganin yake? Amsar tana fitowa daga abin da mai labarin da masu sauraronsa suka yi imani da shi.

Dodo, iska da kabari

Yankin nan yana da hannu a tarihin rubuta adabin baka. Dorugu, ɗan ƙauyen Dambanas kusa da Kance, shi ne wanda Barth ya tafi da shi Ingila a 1855, kuma daga bakinsa Schön ya rubuta labarai da tatsuniyoyin da suka shiga Magana Hausa a 1885. Bayan wannan aka sami tarin Edgar daga 1911, da na Rattray da Tremearne a 1913. Wanda ya bi waɗannan tarin zai ga Dodon tatsuniya abin tsoro ne mai iyaka. Yakan haɗiye mutane, yakan sake kama ya auri budurwar da ta ƙi samarin garinsu, amma ƙarshensa a farke cikinsa ko a tsere masa da dabara. Maganinsa wayo ne, kuma ko yaro yana da shi. Bugu da ƙari, mai tatsuniya takan rufe da ƙurunƙus, ta ɗora wa gizo alhakin ƙaryar, yara su kwanta lafiya.

Iska ba a yi mata ƙurunƙus. Doguwa, da Kuturu, da Sarkin Rafi, da Ɗan Galadima, a wurin masu bori maƙwabta ne da ke da birninsu, Jangare, da sarautunsu. Labarinsu ana bayar da shi a matsayin abin da ya faru ga wance ko wane. Maganinsu lallashi ne da yanka da girka, kamar yadda Jacqueline Monfouga-Nicolas ta bayyana a bincikenta na ƙasar Maradi a 1972. Musulunci bai musanta samuwar aljannu ba, tun da akwai sura guda da sunansu a Alƙur'ani. Abin da ya sauya shi ne magani: aka mai da shi neman tsari, da Falaƙi da Nasi, da Ayatul Kursiyyu, da rubutun sha.

Tsoro na uku shi ne na waƙoƙin wa'azi. Nana Asma'u (1793-1864) a Godaben Gaskiya, da Aliyu Namangi na Zariya a Imfiraji, sun kawo mai sauraro gaban mutuwa da hisabi. A irin waɗannan waƙoƙi ne harshen Hausa ya fi ƙwarewa wajen siffanta abin firgita: duhun kabari, tambayar Munkari da Nakiri, siraɗi, sarƙoƙi da itaciyar zaƙƙumi. Nan wayo ba ya aiki, lallashi ba ya aiki. Magani ɗaya ne, tuba tun da sauran numfashi. Saboda haka mawaƙin wa'azi bai taɓa barin mai sauraro cikin wuta ba, sai ya buɗe masa ƙofar Aljanna kafin ya rufe da salati.

Abin da rubutattun labarai suka gada

Littattafan da suka biyo bayan gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 sun ɗebo daga rijiyoyin nan uku, amma ba da guga ɗaya ba. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam aljannu sun zama mataimakan Alhaji, tsoron kuma dariyar rikicinsa da Malam Zurƙe ta shanye shi. A Ganɗoki na Bello Kagara jarumin ya kutsa ƙasashen aljannu da takobi, yana yaƙi yana musuluntarwa. Aljani a nan abokin gaba ne da ake rinjaya, mai karatu bai taɓa shakkar wanda zai yi nasara ba.

A ganinmu Jiki Magayi na John Tafida da East shi ne ya fi kusa da labarin ban tsoro na gaske, ko da yake babu Dodo a cikinsa. Abubakar ya shiga duniya neman asirin da zai rama ƙwace masa Zainabu da Malam Shehu ya yi, asirin ya faɗa kan Kyauta, yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba, har ya zama ajalin mahaifinsa. Abin firgitarwa shi ne mutum ya bar wa kansa ramuwar da ya kamata ya bar wa Allah. Littafin wa'azi ne da aka tuɓe wa rawani.

A Nijar, Abdoulaye Mamani ya juya lissafin a Sarraounia (1980), wanda ya rubuta da Faransanci. Rundunar Voulet da Chanoine, wadda ta ƙone garuruwa a 1899 har da Birnin Ƙonni, ita ce ta ɗauki matsayin Dodo mai haɗiye gari. Tsafin Sarauniyar Lugu kuwa, wanda wani marubuci zai mayar abin ƙyama, ya zama garkuwa. Wato abin da ke tsoratarwa a littafi ɗaya shi ne magani a wani, gwargwadon inda marubucin ya tsaya.

Haka abin yake a adabin Turawa. A Dracula na Bram Stoker (1897) gicciye da gurasar coci su ne makamai. A labaran Lovecraft na Amurka kuwa babu addu'ar da ke tsarewa, domin marubucin bai yi imani da mai amsa ta ba. Irin wannan tsoro marar mafita baƙo ne a adabin Hausa, kuma wannan na daga cikin dalilan da fassararsa kai tsaye ba za ta zauna a kunnen Bahaushe ba.

Kammalawa

Wannan magana ta shafi masu tsara littattafan yaƙi da jahilci da na makarantu. Tun 1973 aka fara gwajin koyarwa da Hausa a Damagaram, a 2025 kuma aka ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar, ke nan buƙatar abin karantawa ƙaruwa take yi. Kuskure biyu ne ke jiran mai tsarawa. Na farko ya tsince Dodo da iskoki kaf don gudun a ce yana yaɗa camfi, ya bar wa manomi ƙasidun takin zamani da rigakafi kaɗai. Wanda ya koyi baƙi bai sami labarin da zai hana shi barci ba, da wuya ya ci gaba da karatu don kansa. Na biyu ya cakuɗa nau'o'in uku, ya sa wa labarin iska ƙurunƙus, ko ya mai da siffar kabari abin nishaɗi. Mai karatu a Matameye zai gane nan take, ya ajiye littafin.

Shawararmu ita ce, duk mai tattara labarai a wannan yanki ya riƙa rubuta abu uku tare da matanin: wanda ya bayar, lokacin da ake bayarwa, da ko masu sauraro sun ɗauke shi ƙarya ce ko gaskiya. Da wannan bayani ne za a san wanda ya dace da ajin yara, da wanda ya dace da ajin manya, da wanda ya kamata a bar shi a taskar masu bincike.