Kotso Bayan Mai Kotso: Gidan Ɗanƙwairo da Matsalar Halifanci a Kiɗan Hausa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar Cadawa, inda hanyar Mayahi ta rabu da babbar hanyar Maraɗi zuwa Damagaram, ya san akwai muryoyin da ba sa yin shiru a wurin. A shekarun 2000 daga rumfunan masu sayar da kaset suke fitowa, a yau kuwa daga wayoyin hannu na direbobi da masu shayi. Daga cikinsu har da muryar Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun, wanda ya kwanta dama tun 1991. Mutanen ƙasar Gobir da na Katsinar Maraɗi ba su taɓa ɗaukar sa baƙo ba, domin Hausar Zamfara da ke bakinsa ƴar'uwar tasu ce, sarautun da yake wasawa kuma irin waɗanda suka sani ne a fadar Tsibiri da ta Maraɗi.

Sai dai mai sauraro yakan manta cewa muryar da yake ji ba ita kaɗai take ba. A bayanta akwai masu kaɗa kotso, akwai ƴan amshi, akwai sanƙira. Ranar da aka rufe jagora a kabari waɗannan mutane suna nan da ransu, da iyalinsu, da sana'ar da ba su iya wata ba sai ita. Shin su rataye kayan kiɗa, ko su ci gaba? In sun ci gaba, da wace murya, kuma da waɗanne waƙoƙi? Wannan maƙala za ta dubi yadda gidan Ɗanƙwairo ya amsa tambayar, ta auna amsar da ta waɗansu ƙungiyoyi na gida da na waje.

Gida mai tsarin gado

Abu na farko da ya kamata a lura da shi shi ne, Musa Ɗanƙwairo kansa ɗan ƙungiyar da ta yi rashin jagora ne. An haife shi a Bakura, a ƙasar Zamfara, wajen 1909. Mahaifinsa, Usman Ɗankwanda, makaɗi ne da ya yi kiɗan noma, ya kuma yi wa sarautar Maradun kiɗa. Da Ɗankwanda ya rasu ƙungiyar ba ta watse ba. Babban ɗansa, Abdu Kurna, ya zama halifa, Musa kuma ya zama Daudun kiɗi, wato mataimaki mai jiran gado. Kalmomin nan biyu, halifa da Daudu, daga tsarin malanta da na sarauta aka aro su, kuma suna nuna cewa makaɗan Hausa sun daɗe da yi wa mutuwa tanadi. Tun jagora yana raye an san wanda zai tsaya a gurbinsa, ya kuma yi shekaru yana karɓar waƙa a bayansa.

Ko sunan da duniya ta san shi da shi ma gado ne. Masu rubuta tarihinsa sun ruwaito cewa akwai wani mai zaƙin murya a cikin mutanen mahaifinsa, da jama'a suka ji muryar yaro Musa ta yi kama da tasa sai suka laƙaba masa sunan. Ke nan mawaƙin da a yau ake cewa ba shi da na biyu, da sunan wani ya fara, a inuwar wansa ya girma.

Amma Musa bai tsaya ga abin da ya tarar ba. Ya fitar da kotson gidansu daga farfajiyar Maradun, ya kai shi Tsafe, ya kai shi Kaduna wurin Sardauna Ahmadu Bello a zamanin siyasar farko, inda sunansa ya cika Arewa. Da aka kashe Sardauna ranar 15 ga Janairu 1966, ƙungiyar ta sake yin wani babban rashi, wannan karo na ubangida. A nan ma ba ta durƙushe ba. Ta buɗe ƙofarta ga fadoji da yawa, har da ta Sarkin Daura Muhammadu Bashar, ga kuma attajirai da manyan ma'aikata. Duk rashin da ya faɗa wa gidan, da sabuwar waƙa aka amsa shi.

Inda waƙa take ajiye

Don a gane dalilin da ya sa wata ƙungiya ke rayuwa wata kuma ta bi jagoranta, sai an dubi ginin waƙar kanta. Manazarta waƙar baka, musamman Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ta Kano, sun raba waƙa zuwa gindi da ɗiya. Gindi shi ne layin da ake komawa gare shi, ɗiya kuma su ne baitocin da ake jerawa a tsakani. Abin tambaya ga kowace ƙungiya shi ne: a bakin wa ɗiyan suke?

A waƙoƙin Ɗanƙwairo, jagora yakan ɗauko ɗa ya sake shi a tsakiya, ƴan amshi su cafe, su ƙarasa, su yi ƙari, sannan su sauko da shi kan gindi. Wani lokaci jimla guda takan ratsa baki uku ko huɗu kafin ta cika. Irin wannan karɓeɓeniya ba ta yiwuwa sai an zauna an tsara waƙar a gida, an yi ta maimaitawa har kowa ya haddace rabonsa. Sakamakon haka, kaso mai yawa na kowace waƙa yana ajiye a ƙirazan ƴan amshi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma jinkar da hannuwa da yawa suka ɗauka ba ta faɗuwa don ɗaya ya saki. Ƴaƴan Ɗanƙwairo sun yi shekaru suna cikin masu karɓa masa, shi ya sa bayan 1991 zuriyarsa ta iya ci gaba da kaɗa kotso da sunan gidan.

Sai a kwatanta da Alhaji Mamman Shata, haifaffen Musawa a ƙasar Katsina, wanda ya rasu ranar 18 ga Yuni 1999 aka binne shi a Daura. Ƴan amshin Shata gindi kawai suke riƙewa, su maimaita shi ba ƙari ba ragi, masu kalangu su shimfiɗa masa hanya. Ɗiyan kuwa daga kansa suke fitowa nan take, gwargwadon wanda ke zaune a gabansa da abin da ya faru a ranar. Ko Bakandamiyarsa ba ta fitowa iri ɗaya sau biyu. Shata bai gaji kiɗa ba, kuma irin baiwarsa ba ta shiga cikin kayan da ake rabawa a gado. Da ya tafi, an bar wa mutanensa gindi da kalangu, amma wurin ɗiyan ya zama fili. Masu kwaikwayon muryarsa suna da yawa, har wasu sukan ruɗi kunne na ɗan lokaci. Abin da ya gagare su shi ne su dubi baƙon da ya shigo fage yanzu su ƙera masa baitin da ba a taɓa ji ba.

Wannan bambanci bai ɗaukaka ɗaya a kan ɗaya ba. Yana dai nuna cewa makomar ƙungiya bayan mutuwa tun a tsarin waƙoƙinta take rubuce.

Kaset, kishiyar halifa

Akwai wani abu da ya sauya lissafi tsakanin zamanin Kurna da zamanin magadan Musa. Lokacin da Abdu Kurna ya tsaya a gurbin mahaifinsa, babu faifan Ɗankwanda a kasuwa da za a kunna a ce masa ga yadda tsoho ke yi. Abin da zai yi gasa da shi tunanin jama'a ne kawai, shi kuwa tunani yana da sassauci, yana mantuwa, yana yafiya. Amma Musa Ɗanƙwairo ya rayu a zamanin Rediyon Kaduna da Muryar Sahel, ya kuma riski zamanin kaset. An daskarar da muryarsa a lokacin da take kan ganiyarta. Magajinsa, komai ƙwarewarsa, yana hawa fage ne ya tarar da mamaci ya riga shi zama, kuma mamacin ba ya mura, ba ya tsufa, ba ya tuntuɓen harshe.

A nan ne tarkon yake, kuma ba gidan Maradun kaɗai ya shafa ba. Abin da aka fi gani a bukukuwa shi ne a gayyato magadan babban makaɗi a ce su yi waƙar tsoho kaza. Sau da yawa ma akan ciro sunan wanda aka yi wa waƙar a dasa na mai biki. Kirarin da aka ɗinka wa wani basarake, da asalinsa da gwagwarmayar kakanninsa, sai a rataya wa wanda bai haɗa komai da su ba, kamar a sa wa yaro babbar rigar kakansa. Jama'a su yi kari, magada su sami abin sawa a baka, amma waƙa ta yi hasara. Halifan da aka mayar kaset mai numfashi ba zai taɓa kai kaset na gaskiya ba. Laifin kuwa rabi na masu gayya ne, domin makaɗi abin da aka biya shi yake bugawa.

Daga Agadas zuwa ƙasashen Turawa

Matsalar ba ta tsaya ga kotso da kalangu ba. A Agadas, ƙungiyar gita ta Inerane, wadda Bibi Ahmed ya jagoranta, ta rasa mai gitarta na biyu, Adi Mohamed, wanda aka kashe a rikicin arewacin Nijar da ya ɓarke a 2007. Ƙungiyar ta ɗauko Koudede, makaɗi mai nasa suna da nasa salo, suka fitar da sabon faifai a 2010. Ba a nemi ya zama Adi ba, an bar shi ya zo da hannunsa. Shi ma ya rasu a haɗarin mota a watan Oktoba 2012, amma faifan ya rage shaida cewa ana iya cike gurbi ba tare da an shafe sabon shiga ba.

A wajen Turawa masu kiɗan gita mai tsananin amo, irin wanda suke kira metal da danginsa, an ga hanyoyi uku. Ƙungiyar Led Zeppelin ta Ingila ta rasa mai gangarta John Bonham a Satumba 1980, kafin shekarar ta ƙare ta sanar da cewa ta nannaɗe tabarma. Ƙungiyar AC/DC ta Ostareliya ta rasa mawaƙinta Bon Scott a Fabrairu na wannan shekarar, ta ɗauko Brian Johnson mai wata murya dabam, ta fitar da faifan Back in Black da baƙar riga ta makoki, cike da sababbin waƙoƙi, ya kuma zama ɗaya daga cikin faifan da aka fi saye a duniya. Ita kuwa Metallica ta Amurka, bayan Cliff Burton mai gitar ƙasa ya rasu a haɗarin bas a ƙasar Suwidin ranar 27 ga Satumba 1986, ta ɗauki Jason Newsted cikin ƴan makonni. Amma a faifansu na 1988 da ƙyar ake jin amon gitarsa, kamar an ba shi kujera an hana shi magana. A 2001 ya bar ƙungiyar.

Hanya ta farko tana da mutunci, ta biyu tana da albarka. Ta uku ita ce abin tsoro: a naɗa magaji a hana shi murya. Ita ce kuma wadda bukukuwan ƙasar Hausa suke tura magadan makaɗa a kanta, ko da ba da gangan ba.

Kammalawa

Wannan magana ta shafi ƙasar Agye da Gazawa da Gidan Rumji kai tsaye. A garuruwa da ƙauyukan yankin akwai gidajen makaɗan fada, da na noma, da na kokowa, waɗanda jagororinsu suka tsufa ko suka riga mu gidan gaskiya, kuma mafi yawansu ba su da kaset ko ɗaya. Ga irin waɗannan gidaje, tsohon ɗan amshi shi ne ɗakin ajiyar littattafai. Ƙungiyoyin raya al'adu da ke ɗaukar murya sun saba neman jagora su bar na baya. Ya kamata su zauna da mai amshi da mai ganga, su rubuta sunayensu, su tambaye su yadda aka tsara kowace waƙa da wanda ya kawo kowane ɗa. Malamin Hausa a aji kuma, in ya kunna wa ɗalibai Ɗanƙwairo, zai yi kyau ya sa su ƙirga layukan da jagora ya furta da waɗanda ƴan amshi suka furta. Sakamakon zai koya musu abin da dogon bayani ba zai koya ba.

Sannan duk ƙungiyar da za ta gayyaci magajin wani makaɗi, a bikin makaranta ko a makon al'adu, tana da ikon ta roƙi tsohuwar waƙa guda don tunawa, ta kuma biya kuɗin sabuwa guda a kan abin da ke damun mutane a yau: damina, ƙaura, tsadar hatsi, zaman lafiyar kan iyaka. Hausawa sun ce kyan ɗa ya gaji ubansa. Musa Ɗanƙwairo ya gaji nasa, amma da a ce masu gayya na zamaninsa sun tilasta masa maimaita waƙoƙin Ɗankwanda kawai, da babu abin da za a kunna yau a tashar Cadawa.