Baƙin Ganye: Sanin Taba Daga Kyuba Zuwa Kasuwar Mafara

A shekarar 2007 ƙasar Kyuba ta fitar da wata naɗaɗɗiyar taba mai suna Cohiba Maduro 5. Lambar da ke ƙarshen sunan lissafin shekaru ce: shekara 5 cur ganyen da aka lulluɓe ta da shi yake yi a ajiye kafin a naɗa shi. Irin wannan taba ba takarda a jikinta, ba auduga a gindinta. Ganye ne zalla hawa uku: na ciki, da wanda ya ɗaure shi, sai rigar waje. Da rigar ake taƙama, kuma mai duhun nan da ake kira maduro tana da masoyanta na daban.

Duhun ba rini ba ne, in dai aikin na gaskiya ne. Ganye mai kauri ake zaɓa, wanda ya sha rana sosai. Bayan ya bushe a rumfa sai a yayyafa masa ruwa, a jibge shi tsibi guda, nauyinsa da danshinsa su haifar da zafi a ciki. In zafin ya yi yawa a rushe tsibin, na tsakiya ya koma gefe, a sake jibgewa. Haka za a yi ta yi wata da watanni, har warin ya fita, kaifin ya kwanta, wani ɗan zaƙi ya bayyana. Siririn ganye ba ya jure wannan wahala, ruɓewa yake yi. Shi ya sa wurare kaɗan suka yi suna da baƙar riga: kwarin Connecticut a Amurka, San Andrés a Meziko, Mata Fina a Barazil. Maƙwabciyarmu Kamaru ma tana fitar da rigar da duniya ke nema, sai dai tata ba ta kai waɗannan duhu da kauri ba.

Ɗanɗanon kuma ya zama fanni mai zaman kansa. Mujallar Cigar Aficionado, wadda aka kafa a Amurka a 1992, tana cire tambarin kamfani kafin a miƙa wa alƙalanta karan taba, sannan su ba da maki cikin 100. Mai ɗanɗano yakan fara da ido, ya duba jijiyoyin ganyen da maiƙonsa. Ya matsa karan da yatsu daga sama har ƙasa, ko akwai inda ya yi rami ko ya yi tauri. Ya yanke bakin, ya zuƙa tun bai kunna ba, don ya ji ko iska na wucewa. In wuta ta kama, ba ya haɗiye hayaƙin. A baki yake juya shi, ya saki kaɗan ta hanci, yana lura da ko wutar na ci daidai da yadda tokar ke riƙe kanta. Yakan raba karan kashi uku, domin abin da harshe ya ji a farko ba shi zai ji a ƙarshe ba. Masana cikin masu ɗanɗano sun daɗe suna gyara wani kuskure: baƙar riga ba ita ke nuna ƙarfin taba ba, ganyen ciki ne ke bugarwa.

Duk wannan ba kayan kasuwar Talata Mafara ba ne, kuma manomin Bakura ba zai sayar da buhun shinkafa don kara biyu ko uku ba. Amma sanin ganyen taba tsoho ne a ƙasar Hausa. Tun wajen 1607 Ahmad Baba na Tumbutu ya yi rubutu a kan hukuncinta, yana ganin halaccinta, wasu malamai kuwa suka haramta. Da Heinrich Barth ya yi shirin tafiya Tumbutu a 1853, a Katsina ya yi guzurin taba, saboda darajar da tabar Katsina take da ita har can. A fadama ake shuka ta bayan ruwa ya janye, kuma kwarin Gulbin Maraɗi ya shahara da ita.

A tsaya gaban mai taba gari ranar kasuwa, a ga dattijo ya buɗe battarsa. "Baba, taɓa wannan ka ji," in ji mai taba. Dattijon zai tsinci kaɗan, ya murza tsakanin yatsu, ya kai hanci, sannan ya ɗora a harshe ya yi shiru. Ko ya ce ta ji kanwa, ko ya ce ta yi lami, ko ya ce sabon ganye ne bai kwanta ba. Wannan hukunci na ƙarshe shi ne ainihin abin da alƙalin mujalla ke aunawa da makinsa, kuma dattijon ya fi shi gaskiya, don kuɗin aljihunsa zai biya. Ya san taba ta bambanta da garin gero. Matan da ma suna da nasu sani, na furen taba da ake goga wa haƙora tare da goro.

Wannan sani yana ja da baya. Wani kamfanin taba ya buɗe masana'anta a Zariya a 1959, sigarin kwali ya shiga ƙauyuka. Madatsar Bakolori da aka kammala a 1978 ta sauya yadda ambaliya ke shayar da fadamun Gulbin Sakkwato, filayen Maradun da Mafara da Bakura suka karkata ga shinkafa da alkama da dankali da tumatir. Saurayin yau bai san ganye ba, sunan kwali ya sani.

Abin da ya kamata ya dami kowa shi ne abin da takardar maki ba ta da gurbinsa. Rashin haɗiye hayaƙi ba ya kare leɓe da harshe da maƙogwaro daga ciwon daji, haka ma garin da ke kwana a kunci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe mutum fiye da miliyan 7 duk shekara. Dokar taba ta Najeriya ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sayar da sigari kara-kara. Har yanzu manya na aiken yara teburin bakin tasha su sayo musu kara ɗaya.