Ɗalibi, Allon Waya da Littafi: Tarken Ra'ayin Nicholas Carr

1.0 Gabatarwa

Tun da wayar hannu mai intanet ta shiga aljihun ɗaliban jami'a, wani kuka ya zama ruwan dare a bakinsu, wato cewa zama da littafi ya fara gagararsu. Ɗalibi zai buɗe littafi da niyyar gama babi guda, amma kafin ya kai shafi na uku hannunsa ya riga ya kai ga waya. Idan aka nemi ɗalibi a Amurka ya rubuta tunaninsa a kan wannan al'amari, sau da yawa madogararsa ita ce maƙalar Nicholas Carr mai tambayar ko Google na mayar da mutane daƙiƙai, wadda mujallar The Atlantic ta buga a 2008, kuma ta shiga littattafan koyar da insha'i a kwalejojin ƙasar. Manufar wannan takarda ita ce auna hujjojin Carr, domin a gane inda suka yi wa kukan ɗalibi magani da inda suka bar shi da ciwonsa.

2.0 Abin da Carr Ya Ce

Carr ya fara ne da kansa. Ya bayyana cewa bayan shekaru yana aiki da intanet, hankalinsa ya daina daɗewa a kan dogon rubutu. Daga nan ya gina ra'ayinsa a kan ginshiƙai biyu. Na farko shi ne tunanin Marshall McLuhan na 1964, cewa kafar da saƙo ya biyo tana sarrafa tunanin mai karɓa fiye da abin da saƙon ya ƙunsa. Na biyu kuwa shi ne binciken Maryanne Wolf, wadda ta nuna a littafinta na 2007 cewa ba a haifi ɗan'adam da karatu ba kamar yadda aka haife shi da baiwar magana, ƙwaƙwalwa ce take shimfiɗa wa karatu sababbin hanyoyi ta hanyar horo. Ke nan abin da horo ya gina, wani horon yana iya rushe shi. Carr ya faɗaɗa wannan ra'ayi a littafinsa The Shallows na 2010.

3.0 Inda Hujjar Ta Tsaya da Ƙafafunta

Adalci ne a fara da cewa binciken da ya biyo baya bai ƙaryata Carr gaba ɗaya ba. Naomi Baron ta Jami'ar Amurka da ke Washinton ta tambayi ɗaliban jami'a a Amurka da Japan da Jamus da Sulobakiya, ta kuma ba da rahoto a littafinta na 2015 cewa kashi 92 cikin 100 sun ce hankalinsu ya fi tattaruwa idan suna karatu a takarda. Haka kuma a 2018 Pablo Delgado da abokan aikinsa sun tattara sakamakon bincike 54 da suka shafi mutane fiye da 170,000, suka gano cewa fahimtar mai karatu a takarda ta ɗan ɗara ta mai karatu a allon na'ura. Abin ban mamaki, wannan tazara ta ƙaru ne tsakanin 2000 da 2017, alhali an yi zaton yaran da suka tashi da kwamfuta za su shafe ta. Saboda haka ɗalibin da ya yi wannan kuka ba mafarki yake yi ba.

4.0 Inda Hujjar Ta Yi Rauni

Rauni na farko yana cikin misalan da Carr ya zaɓa. Ya kawo labarin Friedrich Nietzsche, wanda ya sami keken rubutu a 1882 saboda ciwon ido, ya nuna cewa daga nan salonsa ya koma gajerun jimloli masu kama da karin magana. Sai dai Nietzsche ya riga ya wallafa littafi cikin irin wannan salo tun 1878, kuma keken bai daɗe a hannunsa ba ya lalace. Misalin yana da daɗin ji, amma bai iya ɗaukar nauyin da aka ɗora masa.

Rauni na biyu shi ne Carr ya yi wa karatu kuɗin goro. Binciken Delgado da aka ambata ya nuna cewa fifikon takarda ya fito ne a rubutun bayani, irin na littattafan ilmi, kuma ya fi fitowa idan an ƙayyade wa mai karatu lokaci. A rubutun labari kuwa ba a ga wannan fifiko ba. Wannan ya yi daidai da abin da ake gani a ƙasar Hausa, inda dubban matasa, musamman mata, suke bin dogayen ƙagaggun labarai babi bayan babi a WhatsApp da Wattpad ba tare da gajiya ba. Wanda ya iya bin labari mai ɗaruruwan shafuka a allon waya bai rasa juriyar karatu ba. Abin da ya yi masa wuya shi ne rubutun da ke neman a tsaya, a koma baya, a sake ɗauko jimla a gwama ta da wadda ta gabace ta.

Rauni na uku shi ne mafi girma. Karatun da Carr yake wa makoki shi ne na mutum ɗaya, shi kaɗai, cikin shiru, kuma ya ɗauke shi tamkar kyauta ce da bugaggen littafi ya zo da ita. Tarihi bai goyi bayan wannan sauƙaƙawa ba. A ƙarshen ƙarni na 4, Augustine ya ga ya dace ya rubuta cewa ya tarar da Ambrose, bishop na Milan, yana karatu ba tare da ɗaga murya ba, abin da ke nuna cewa karatu a bayyane shi ne aka fi sabawa da shi a wancan zamani. Kalmar karatu a Hausa ma ta ƙunshi furtawa da biyawa da neman ilmi baki ɗaya. A makarantar ilmi ta zaure, almajiri yakan karanto ɗan yanki daga Ahalari ko Risala, malam ya fassara, almajiri ya tafi ya yi bita, gobe ya dawo ya ɗora. Zurfin da ake samu a nan ya fito ne daga ƙarancin abin da ake ɗauka a zama guda, da yawan maimaitawa, da kuma sanin cewa akwai wanda zai tambaya. Takarda ita kaɗai ba ta taɓa tilasta wa kowa waɗannan abubuwa uku ba.

Wannan ne ya sa maƙalar ta bar ɗalibi a tsaka mai wuya. Ta gaya masa cewa na'ura ta sauya masa ƙwaƙwalwa, amma ba ta ce masa ga abin yi ba. Ɗaliban da Baron ta tambaya sun ambaci tsadar littafi a cikin manyan dalilan da suke kai su ga allon na'ura. Ɗalibin da ɗakin karatun jami'arsa ba shi da littafin da aka ce ya karanta, wanda kuma kwafin da ke cikin wayarsa shi ne kaɗai ya mallaka, ba zai amfana da shawarar komawa ga takarda ba.

5.0 Kammalawa

Carr ya yi daidai da ya ce hankali abu ne da ake horarwa, kuma kamfanonin da ribarsu ta dogara ga yawan latsawa suna horar da shi ta hanyar da ba ta dace da nazari ba. Kuskurensa shi ne ya rataya laifin duka a wuyan na'ura, ya manta da waɗanda horon nazari yake hannunsu tun asali. Socrates ma, kamar yadda Plato ya kawo, ya ji tsoron rubutu zai raunana harda, kuma Carr da kansa ya ambaci wannan, sai dai bai bi darasin zuwa ƙarshensa ba: harda ta rayu ne a wuraren da aka ci gaba da koyar da ita. Idan malamin jami'a ya ba ɗalibi babi goma a mako, bai kuma zauna da shi a kan ko da sakin layi ɗaya ba, to shi ma ya koya masa tsallake. Shafi biyu da aka karanta a aji a bayyane, aka warware su jimla bayan jimla, aka kuma nemi ɗalibi ya dawo da su mako mai zuwa, za su yi aikinsu ko a takarda suke ko a allon waya.