Taron 'Yan Mazan Jiya a Kan Jirgin Belfast

A tsakiyar birnin Landan, a bakin kogin Temis, kusa da gadar nan mai hasumiya biyu, akwai wani tsohon jirgin ruwan yaƙi mai suna Belfast, wanda aka ɗaure shi wuri guda tun shekarar 1971 aka mai da shi gidan tarihi, jama'a na biyan kuɗi suna shiga kallo. Amma akwai waɗansu ranaku sanannu a shekara da za ka ga dattawa sun hau shi, ƙirazansu cike da lambobin yaƙi, wani na dogara sanda, wani jikansa na turo shi a keke, sun zo ne domin su sada zumunci da abokan aikinsu da suka rage, su kuma yi juyayin waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Wannan al'ada ta tara 'yan mazan jiya a kan jirgin da suka yi yaƙi a cikinsa ta cancanci a tsaya a dube ta da idon basira, domin akwai hikima a cikinta, akwai kuma abin gyara.

An ƙera jirgin a garin da ya ci sunansa, aka sa shi a ruwa cikin watan Maris na 1938, kuma ba a daɗe da fara Yaƙin Duniya na Biyu ba ya taka nakiyar Jamus, ya lalace ƙwarai, har sai da ya kusa shekara uku a wurin gyara. Da ya komo, sai aka sa shi rakiyar ayarin jiragen da ke kai wa Rasha makamai da abinci ta tekun arewa mai ƙanƙara, inda igiyar ruwa ke daskarewa a kan igwa, ma'aikata na fasa ta da guduma don kada nauyinta ya kifar da su. Ranar 26 ga Disamba 1943 yana cikin jiragen da suka nutsar da babban jirgin Jamus mai suna Scharnhorst, wanda a cikin mutanensa kusan dubu biyu, 36 kaɗai aka tsamo da rai. Ya yi luguden wuta a gaɓar Nomandi ranar 6 ga Yuni 1944, ya kuma yi yaƙin Koriya daga 1950 zuwa 1952. Da hukuma ta ƙudura sayar da shi a farfasa, waɗansu masu kishinsa ne, ƙarƙashin jagorancin wani tsohon kyaftin ɗinsa, Morgan-Giles, suka tsaya kai da fata har aka bar shi.

Asalin wannan al'ada, a ganina, yana komawa ne ga wani hali da sojan ruwa ya keɓanta da shi, wato rashin kabari. Sojan ƙasa in ya faɗi a fagen fama, sau da yawa akan sami gawarsa a binne, a kafa alama, danginsa su san inda za su nufa in sun yi niyyar ziyara. Amma wanda jirginsa ya nutse da shi a tsakiyar teku, ko kuwa ya cika a hanya aka naɗe shi aka saka shi cikin ruwa, ba shi da wani wuri a doron ƙasa da za a nuna a ce ga makwancinsa. Malamanmu na fiƙihu ma sun san wannan larura, tun da Mukhtasar ya yi hukuncin cewa wanda ya mutu a teku, in ba a sa ran isa tudu kafin gawarsa ta canza, sai a yi masa sutura a jefa shi cikin ruwan. A ayarin Rasha kaɗai mutane wajen dubu uku suka halaka. Zuciyar ɗan Adam kuwa ba ta natsuwa da makoki sai ta sami wurin tsayawa, saboda haka jirgin da ya tsira ya zama shi ne hurumin waɗanda ba su tsira ba.

Tsarin taron ba shi da yawan ado. Akan taru a bayan jirgi, inda tuta take, wurin da sojan ruwa ke girmamawa tun fil azal. Limaminsu na Kirista ya yi addu'a, a busa begila, kowa ya yi tsit na minti biyu, sa'an nan a ajiye furanni ko a saka su cikin kogi. Bayan haka sai a koma ga ci da sha da hira. Amma abin da ya fi kama zuciya yana faruwa ne bayan an watse daga sahu, lokacin da dattijo zai matsa wa 'ya'yansa lamba sai sun taimake shi ya sauka ta matakalar ƙarfe mai tsananin gangara, ya ratsa ɗakunan da ke ƙarƙashi, har ya kai ga ƙugiyar da yake rataya ragar kwanciyarsa yana saurayi, ya dafa ta, ya ce nan nake kwana, wane kuma nan gefena, tsakaninmu bai kai kamu biyu ba. A nan ne mutumin da ya shekara hamsin bai taɓa buɗe baki ya ba iyalinsa labarin yaƙi ba, harshensa ke sakuwa.

Lalle wannan shi ne babban amfanin al'adar, kuma duk wanda ya zauna gaban malamin hadisi zai gane shi da sauri, domin riwaya ba ta da ƙarfin da ya kai na wanda ya ce na gani da idona, yana tsaye a daidai inda abin ya auku. Allunan bayani da aka manna a bango ilmi ne, amma ilmi ne mai yankakken isnadi. Gidan tarihin da ya san darajar abin da ke hannunsa wajibi ne ya ɗauki waɗannan dattawa a matsayin masu gida, shi kuwa mai riƙon amana ne. Ya sauƙaƙa musu hawa, ya keɓe musu lokaci ba tare da cunkoson 'yan kallo ba, kada kuma ya jera su a gaban masu ɗaukar hoto kamar wani sashe na kayan da ake nunawa.

Inda nake da magana shi ne wurare uku, ko da yake ba nauyinsu ɗaya ba. Kula da jirgi irin wannan na cin kuɗi mai yawa, tsatsa ba ta hutawa, don haka ana ba da hayar ɗakunansa ga masu liyafa. Wannan larura ce, ban kuma ga laifinta ba muddin an kiyaye alfarmar wurin addu'a. Siyasa ta fi wannan illa. Sai a 2013 Ingila ta fara ba mutanen ayarin Rasha lambar girma tasu ta kansu, bayan yawancinsu sun mutu suna jira, alhali kuwa Rasha ta daɗe tana karrama su, har kamfanoninta suka ƙera wa Belfast sababbin turakun ƙarfe kyauta a 2010, jakadunta kuma suka riƙa halartar wani taron tunawa da akan yi a watan Mayu a kan jirgin. Da dangantakar ƙasashen biyu ta yi tsami, wannan haɗuwa ta yi wuya, dattawan da ba su da hannu a rigimar yau suka zama su ne masu asara.

Na uku shi ne ƙuncin tunawa. A yaƙin Koriya, cikin 1952, harsashin igwa daga tudu ya sami Belfast ya kashe wani ma'aikaci Basine daga cikin masu hidimar jirgin, irin mutanen da kan yi wanki da girki a ƙarƙashi, waɗanda danginsu ke nesa, ba su da ƙungiyar da za ta kawo su Landan. Hakanan mutanenmu da suka yi yaƙin Bama, na runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, a jiragen ruwa aka kwashe su zuwa Indiya, ba a kuwa adana musu wani jirgi da za su taru a kansa ba. Taron da aka gina kan wanda ya iya zuwa, tilas ya manta da wanda hanya ta yi masa nisa, sai fa in masu shirya shi sun ambace shi da gangan.

Yanzu zamanin shaidun gani da ido yana ƙarewa. A Amurka, mutum na ƙarshe da ya tsira daga jirgin Arizona, wanda Japan ta nutsar a 1941 da mutum 1,177, ya rasu a 2024 yana da shekara 102. Mutanen Belfast na yaƙin Jamus duk wanda ya rage ya kai ɗari ko ya kusa, na Koriya kuma sun haura casa'in. 'Ya'ya da jikoki ne ke tsayawa a sahu a madadinsu, suna sanya lambobin iyayensu a ƙirjin dama, domin hagu na wanda ya yi yaƙin ne da kansa, gidan tarihin kuwa ya dogara ga muryoyin da ya naɗa tun dattawan na da ƙarfin magana.