Tsokaci a Kan Ƙagaggen Labarin Black Robe na Brian Moore

A shekarar 1985 ne marubuci Brian Moore, haifaffen birnin Belfast, ya wallafa Black Robe, wato Baƙar Riga, laƙabin da 'yan asalin ƙasar Kanada suka yi wa limaman Katolika na ƙungiyar Jesuit. Labarin ya gudana ne a shekarun 1630, lokacin da Faransawa suka fara kafuwa a Kwibek. Babban tauraronsa, Fada Laforgue, ya tashi cikin kwalekwale tare da 'yan ƙabilar Algonkin, ya nufi ƙasar Huron domin agaza wa wata tashar mishan da cuta ta addaba.

Ƙarfin littafin yana cikin yadda ya nuna kowane ɓangare yana kallon ɗaya a matsayin matsafi. Fadan yana ganin mutanen a hannun Shaiɗan saboda sun dogara ga mafarki da bokaye. Su kuma sun lura cewa duk wanda fada ya zuba wa ruwan baftisma ba ya daɗewa yake mutuwa, domin galibi masu gargarar mutuwa ake yi wa. Don haka suka ɗauki ruwan a matsayin sammu. Tarihi ya ƙara wa wannan zargi ƙarfi, ganin cewa cututtukan da suka zo tare da Turawa sun hallaka kimanin rabin al'ummar Huron tsakanin 1634 da 1640.

Inda ɗalibin addini zai fi tsayawa shi ne ƙarshen labarin. Mutanen ƙauyen sun nemi baftisma ne bisa fatan tsira daga zazzaɓi, ba tare da sun fahimci aƙidar ba, shi kuma fadan ya yi musu alhali shakka ta riga ta shiga zuciyarsa. Mece ce matsayin shiga addinin da tsoro ya haifar? Marubucin bai yanke hukunci ba, kuma wannan kamewa tana cikin abin yabo.

Sai dai akwai rauni wanda bai kamata a kau da kai daga gare shi ba. Moore ya ɗebo kayan aikinsa ne daga rahotannin da 'yan Jesuit suka riƙa aikawa ana bugawa a Faris tsakanin 1632 da 1673, da kuma littafin Francis Parkman na 1867. Rahotannin an rubuta su ne domin jawo taimakon masu hannu da shuni, ga shi kuma Huron ba su bar rubutaccen bayani nasu ba. Saboda haka muryar da mai karatu ke ji daga bakinsu ta biyo ta alƙalamin baƙo ne. Yawan batsa da marubucin ya sa a bakinsu, da tsawaita bayanin azabtarwar da 'yan Irokwa ke yi wa fursunoni, sun ƙara tabbatar da tsohon hoton da Turawa suka zana.

Littafin ya cancanci nazari a darussan kwatanta addinai, da sharaɗin malami ya tunatar da ɗalibai cewa shaidar ɓangare ɗaya suke karantawa. A 1649 Irokwa suka tarwatsa ƙasar Huron, kuma a shekarar aka kashe Jean de Brébeuf, wanda Cocin Katolika ta ɗaga zuwa matsayin waliyyi a 1930. Dubban Huron da suka mutu kuwa, kaɗan ne daga cikinsu tarihi ya riƙe sunayensu.